Yadda Na Nema wa Baba Makiyayi a Waya

A gidanmu, yaron da ya kasa kiwo shi ake ba boko. Ni aka ba. Ina ɗan shekara tara na bar maruƙa suka shiga gonar gyaɗar maƙwabci, ni kuwa ina gindin marke ina sharar barci. Washegari Baba ya kama hannuna har makarantar firamare a Batsari, ya danƙa ni ga hedimasta, ya ce, "Ga shi nan, wataƙila ku ya yi muku amfani." Yau ni ne akawun wani shagon taki da irin shuka a cikin garin Batsari. Ina da tebur, ina da kujera mai juyawa, kuma duk wanda ya fito daga rugarmu ta wajen Karare da takardar da ba ya iya karantawa, wurina yake nufa.

A shekarar da nake magana, makiyayin Baba ya ajiye sanda. Dattijo ne da ya daɗe tare da garkenmu a kan ƙa'idar da kowa ya sani: ci da sha da makwanci a gidan mai shanu, duk wata shida kuma a ware masa maraƙi. Da maruƙan nan ya haɗa nasa ɗan garken, ya yi sallama ta arziki, ya bi 'ya'yansa kudu. Wana shi ma ya daɗe can. Ƙanena yana haya da babur a Katsina, kuma in ka kira shi ka ambaci saniya, nan take sabis yake lalacewa, sai ka ji yana "Halo? Halo?" Baba kuwa ciwon gwiwa ya cinye shi, daga ɗaki zuwa turke sai ya tsaya ya huta sau biyu.

Da rani abin da sauƙi. Shanu na cin kara a gonakin kusa, maƙwabta na haɗa su da nasu zuwa mashaya. Amma da zarar ruwan shuka ya sauka, kowace gona ta zama abin rigima, dole a samu mai ƙafa da zai bi burtali da su zuwa daji kullum ya dawo. In babu shi, sai kara, wato kasuwar shanu. Inna ta faɗa wa Baba haka, na faɗa, har liman ya faɗa. Baba bai taɓa ce mana a'a ba. Tashi kawai yake ya dogara sandarsa, ya je ya tsaya a cikin shanun, ya bar mu da maganarmu.

Ya yi cigiyar makiyayi yadda aka saba. An faɗa a masallacin Juma'a, an faɗa ranar kasuwa, an aika wa ardo. Shiru. Matasa suna kan babur, suna ramin zinari, suna rumfar cajin waya, wasu suna Legas. Wa zai bi bayan saniya?

Ana cikin haka mai shagonmu ya tura ni bita ta kwana biyu a Katsina, wai yadda masu sana'a za su jawo matasa aiki. Gaskiya don alawus da shinkafa da kaza na je. Sai ga wata mata mai tabarau ta kunna majigi tana bayani cewa matasan yanzu ba sa neman aiki, aiki ne ke nemansu. Ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata sai ya gina suna, ya fito a waya inda matasa suke, ya nuna wurinsa wuri ne mai daɗi, ya yi fara'a, ya ba da labarinsa. Na ajiye cinyar kaza. Wallahi ji na yi kamar matar nan ta san Baba. Na dawo da satifiket a leda, kaina ya kumbura.

Ranar Juma'a na hau babur na je ruga. Sai da muka gama gaisuwa tsaf, gajiya, iyali, ƙafa, shanu, mutanen Batsari, sannan na baje kolina. Baba ya saurara har na gama.

"Wato in tsaya gaban duniya in yabi kaina?"

"Ba yabo ba ne, Baba. Talla ce."

"Mi ya raba su?"

Matar majigi ba ta koya mana amsar wannan ba. Inna ce ta cece ni daga bayan zana, ta ce a bar yaro ya gwada bokonsa, ai ba a san inda rana ke faɗuwa ba. Baba ya yarda, amma da sharuɗɗa. Ba za a nuna fuskarsa ba. Ba za a faɗi inda rugar take ba. Ba za a faɗi yawan shanun ba, wannan ko mu 'ya'yansa ba mu taɓa jin ya ƙidaya su da baki ba. Kuma ba za a nuna saniya ko ɗaya ba.

Na ce, "Haba Baba! Tallar kiwo babu saniya? Ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi."

Ya ce, "Wanda ya yi wannan karin magana ba shi da shanu a ƙasar Batsari."

Ban ja ba, don na san abin da yake tsoro. Akwai bakin mutane, wanda iyayenmu suka tabbata yana ramar da garke. Akwai kuma mutanen daji, waɗanda su ma suna da wayoyi, wasu ma sun fi tawa tsada.

To, me ya rage in nuna? Na ɗauki sanda da malafa a jingine da bukka. Na ɗauki ƙwaryar fura da kindirmo, na sa Inna ta ƙara nono don hoto ya yi kyau. Na ɗauki ɗan faifan sola da na saya musu, da dutsen nan na bayan ruga inda sabis ke kamawa. Sannan na gyara murya na ɗora a kai: "Kai matashi mai jini a jika! Ga dama ta samu. Aiki a daji, iska mai daɗi, ci da sha kyauta, caji kyauta, biya kuma da shanu. Maigida mutumin kirki ne, sai dai ba za mu nuna fuskarsa ba. Wurin aiki kuwa sai mun gana." Na saurara sau biyar. Na ce da kaina, kai, ashe Baba bai yi asarar kai ni makaranta ba.

Da safe na saki bidiyon a soshiyal midiya. Kafin la'asar ya zaga gari. Ina zaune a kujerata ina juyawa, masu kallo na ƙaruwa, ina ji kamar in kira matar majigi ta sa ni a darasinta. Sai na ce bari in duba abin da mutane ke rubutawa a ƙasa.

Na farko ya ce, "Innalillahi! Yanzu har talla kuke yi?" Na biyu ya ce, "Bindigar ku ke bayarwa ko da tawa zan zo?" Wata ta rubuta, "Allah ya tona asirinku, azzalumai."

Na sake kunna bidiyon, na saurare shi da kunnen mutumin Batsari. Aiki a daji. Biya da shanu. Maigida ba ya nuna fuska. Wuri sai mun gana. Na shiga uku! Ni da bakina, da muryar da kowa ya sani a kasuwa, na yi wa ɓarayin daji talla, kuma na yi ta da kyau.

Washegari tun da hantsi mai unguwarmu ya aiko. Na same shi a zaure da 'yan sa-kai biyu, da waya a hannunsa, muryata na fita daga cikinta tana cewa caji kyauta. Allah ya taimake ni mutumin ya san Baba tun suna samari. Ya ji bayanina, ya sallami 'yan sa-kan, sannan ya wanke ni tas. Ya ce a wannan zamani Bafulatani ko tari ya yi sai an duba shi sau biyu, ubana ya tsufa yana tsare sunansa, ni kuma na kusa zubar masa da shi a minti ɗaya don ina da data. Na goge bidiyon a gabansa. Amma abin da ya shiga waya ai ya shiga, har yau akwai masu kirana Caji Kyauta.

Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Da na je, bayan gaisuwa, abin da ya ce kawai shi ne, "An ce ka yi suna." Na sunkuyar da kai ina wasa da ƙasa. Shi kuwa yana kallon gabas inda hadari ya fara haɗuwa yana watsewa. Can ya ce, "Ɗauko wayar. Tunda an ɓata, bari su ga mai shanun."

Ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya zauna a kan tabarma. Ya yarda a nuna saniya ɗaya, amma shi ya zaɓa: wata tsohuwa ramammiya mai karyayyen ƙaho, wadda ko ɓarawo ya gani sai ya tausaya mana. Na ce ya kalli waya ya yi murmushi. Ya kalli ƙasa. Ga abin da ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba:

"Ni tsoho ne, ƙafata ta mutu. Shanuna ba su da yawa, kuma akwai masu taurin kai. Aikin da wuya. Akwai rana, akwai ruwa, akwai ƙaya, akwai kaska. Abincin gidana tuwo ne. Wanda bai iya ba kada shi zo."

Na sauke wayar. Na ce, "Baba, don Allah, wannan ai kora ce. Ka faɗi abu ɗaya mai daɗi." Ya yi tunani mai tsawo, sannan ya ce, "Ban taɓa cin haƙƙin makiyayi ba." Yana rufe baki fulako, kunyar nan tamu ta Fulani, ya motsa masa, ya ce wannan yabon kai ne, in cire. Na ce na cire. Allah ya yafe mini, ban cire ba.

Sai da mai unguwa ya kalla ya sa albarka kafin in saki wannan. A ma'aunin bita, bidiyon ya faɗi warwas, masu kallonsa ba su kai rabin rabin na farkon ba. Mutane sun fi son ɓarawo mai fara'a a kan tsoho mai gaskiya. Duk da haka mutum uku suka neme ni a shago.

Na farko ya zo da malafa sabuwa fil da tabarau baƙi. Ashe shi ma mai bidiyo ne, shanu yake nema ya tsaya a cikinsu ya yi wa mabiyansa rawa. Na biyu ya tambaya ko ana iya kiwon a kan babur, kuma ƙarfe nawa ake tashi. Na yi masa tambayar da aka koya mana a Katsina, wai ina yake ganin kansa nan da shekara biyar. Ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Malam, Allah dai ya kai mu gobe."

Na ukun ya sauko daga bayan akori-kura mai zuwa daga Safana, ƙura har gira. Siriri ne, bai wuce shekara ashirin da 'yan kai ba. Wayarsa ƙarama ce mai tocila, a wayar abokinsa ya ga bidiyon. Na miƙa masa fom ɗin da na buga, ya karɓa da hannu biyu, ya riƙe shi da ladabi, bai san abin da zai yi da shi ba. Na ce me ya ja hankalinsa a tallar, ina fatan ya ce yadda aka ɗauki hoton. Ya ce, "Tsohon bai yi ƙarya ba." Na karɓi fom ɗina na mayar a aljihun tebur, na goya shi a babur muka nufi ruga.

Ya durƙusa nesa da tabarma ya gai da Baba da Fulatanci, gaisuwa doguwa irin wadda ni kan yanke ta a tsakiya. Baba bai tambaye shi satifiket ba, bai tambaye shi komai ba. Ya nuna garke da haɓa ya ce, "Je ka gaishe su."

Saurayin ya shiga cikin shanun a hankali, yana wani ɗan sauti da harshe. Shanun nan da ke watsewa in na doso su da turarena, ko motsi ba su yi ba. Ya shafa wannan, ya ɗaga kunnen waccan, ya tsuguna ya duba ƙafar wata. Da ya dawo ya ce farar karsanar akwai ƙaya a kofatonta na baya na hagu, baƙar saniyar tana da ciki kuma za ta haihu kafin kaka, sannan garken gaba ɗaya yana son kanwa. Na kalli Baba. Fuskarsa ta saki, idanunsa na kan yaron nan, irin kallon da ban taɓa samu ba ko ranar da na kawo takardar gama makaranta. Kishi ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Amma farin ciki ya fi yawa, don na san garken ya tsira.

Inna ta kawo fura. Aka yi maganar makwanci, aka yi ta maraƙi, komai ya daidaita. Da na yi shiru da an tashi a haka. Amma ina! Boko bai bar ni ba. Na tuna matar majigi ta ce a ƙarshen ganawa a ba mai neman aiki dama shi ma ya yi tambaya, wai hakan na nuna maigida wayayye ne. Na gyara zama na ce, "Kai ma in kana da tambaya ga maigida, bismillah."

Ya ce babu. Na matsa. Ya juya ludayi, sannan ya ce tambayar ba tasa ba ce, innarsa ce ta ce kada ya karɓi sandar kowa sai ya yi ta.

"Baba, in aka tare ni a daji, aka tafi da ni da shanun, mi za ka yi?"

Ya yi bayani ba tare da ya ɗaga kai ba. Su ma a da suna da garkensu. An kora shi a daji tare da wansa da ke kiwo ranar. Da aka aiko a kawo fansa, babu abin sayarwa, don abin sayarwar yana hannun masu neman fansar. Wan bai dawo ba. Shi kaɗai ya rage wa tsohuwar.

Baba ya ce, "In sun bar wani abu, in sayar. In ba su bari ba, in sayar da gona, in bi dangi in roƙa. Ba ni barin ka."

Saurayin ya ce, "Ya isa, Baba. Na yarda." Aka yi addu'a aka shafa. Ni har na fara shirya yadda zan ba da labarin nasarata a shago.

Ya kwana a rugar. Da safe na dawo daga Batsari da buhun kanwa, na tarar ya riga ya cire wa karsanar ƙaya, Baba kuma yana zaune a inda na bar shi jiya kamar bai tashi ba. Ya kira mu mu biyu.

Ya ce da saurayin, "Ɗana, na amsa maka da gaggawa. In suka ɗauke ka, da shanun za su ɗauke ka. Gonata ba ta kai kuɗin mutum ba, dangina kuma duk irina ne. Na yi maka alkawari da abin da ba zai kasance a hannuna ba." Ya numfasa. "'Ya'yana uku. Ban taɓa matsa wa ɗayansu ya dawo ya shiga dajin nan ba, kuma na san dalili. Sai ɗan wata, wanda shi kaɗai gare ta, zan tura?"

Ya juyo gare ni ya ce in je in sami dillalin shanu.

Ni da na yi wata da watanni ina cewa a sayar, ni ne na miƙe ina kumfar baki. Na ce, "Baba, bayan duk wannan wahala? An zage ni, an kai ni zaure, an sa mini suna! Ga mutum mun samu, irin wanda ba a samu!"

Ya ce, "Mun samu. Shi ya sa."

Saurayin ma ya roƙa. Ya ce zai tsaya kusa da gari, ba zai yi nisa ba, ya ce komai na Allah ne. Baba ya ce haka ne, komai na Allah ne, har da hankali. Abin da ya nema gare shi ɗaya ne, ya zauna zuwa ranar kasuwa ya kora masa shanun zuwa kara, don ba ya son a loda su a mota kamar buhuna, kuma ba ya son baƙon hannu ya dake su a hanya.

Ana gobe kasuwa ruwan shuka ya sauka. Da safe ƙasa na ƙamshi, mutane sun fito da sungumi, mata da yara na bin layi suna zuba iri. Inna ta tatsi nono na ƙarshe, ta shiga ɗaki ba ta sake fitowa ba. Saurayin ya kwance maruƙa, ya buɗe garke, ya yi ɗan sautin nan nasa, ya shige gaba. Shanun suka bi shi ɗaya bayan ɗaya suka hau burtali, gonaki dama da hagu, ko ɗaya ba ta karkata ba.

Na tsaya kusa da Baba don in tare shi in ƙafar ta gaza. Na zaci zai yi kuka, ko ya kira wata da sunanta, ko ya ce a dawo da su. Shi kuwa ya dogara sanda da hannu biyu yana kallo, har ta ƙarshe ta sha kwana a bayan dutse.

Ya ce, "Ka gani ko? Ko sanda bai ɗaga ba."

Na ce na gani.

Ya jinjina kai a hankali. "Yaron nan ya iya kiwo."